Eksire na ɗakin gwaji fatar ƙarfe kawai yake gani

Ɗan'uwa, ka tambaya ko na'urar eksire ta ɗakin gwaji za ta nuna maka ragowar matsin (ja da dannar da ke saura a cikin ƙarfe bayan ya huce) da ke cikin Inconel 718, gaurayen ƙarfen nan mai yawan nikel, da kuka gina hawa-hawa ta narkar da garin ƙarfe da leza. Fatar ƙarfen kawai za ta nuna maka, domin haskenta ba ya nutsewa fiye da 'yan maikuron (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A irin wannan ginin kuwa, galibi saman ƙarfen a miƙe yake da ja, cikinsa a danne, don haka awon sama ba zai gaya maka labarin ciki ba.

Fatar ma tana da tarko. Duba ta da madubin ƙara girma, za ka ga ƙwayoyin garin ƙarfe da ba su gama narkewa ba manne a jiki. Ba su ɗauke da matsi, amma su haske ke fara cin karo da su, sai awo ya fito ƙasa da gaskiya. Don Allah kada ka goge da samfefa, gugar na dasa nata matsin. Zaizaye ta da sinadari da lantarki.

Idan ciki kake nema, sai sinkurotoron, wato katafariyar na'ura mai fitar da eksire mai ƙarfi sosai, irin ESRF a Grenoble ta Faransa ko PETRA III a Hamburg ta Jamus, inda haske ke ratsa milimitoci. Kauri ya kai santimitoci, koma ga niyutoron, ƙwayoyin cikin zarra da suka fi eksire ratsa ƙarfe, kamar na cibiyar binciken kimiyya ta ISIS a Ingila.

Inda na fi ganin aiki na lalacewa shi ne d0, wato tazarar layukan zarra a ƙarfen da babu matsi a cikinsa. Na'urar ba matsi take aunawa ba, tazarar layukan zarra take aunawa bisa dokar Bragg, wadda ke fitar da tazarar daga kusurwar da haske ya karkata, sai a kwatanta da tazarar da babu matsi a kanta. Kada ka ɗauko wannan adadin daga garin ƙarfen ko daga littafi. Sanyayar gaggawa kan sauya rabuwar sinadarai, musamman niyobiyam, ɗaya daga cikin ƙarafan da aka gauraya a Inconel 718, tazarar ta motsa ba tare da wani matsi ba. Yanko ƙananan gutsattsari da wayar lantarki daga tagwayen samfurinka, a daidai tsayin da za ka auna, ka samo d0 daga nan.

Sannan yanke shawara tun yanzu: za ka auna samfurin yana manne da farantin da aka gina shi a kai, ko bayan an yanke shi daga farantin? Da zarar ka raba su, ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, matsin ya sake zama.