Wane nau'i za a ba bariyabul idan aji yana ɗauke da intafes biyu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na fahimci kana rubuta manhajar shagon shinkafa a Argungu da harshen rubuta manhaja na Java, ajin `Rasit` (aji shi ne samfurin da ake ƙera abubuwa da shi a manhaja) yana ɗauke da intafes biyu (intafes jerin ayyuka ne da aji ya yi alkawarin zai iya yi), `MaiBuguwa` da `MaiAjiyuwa`, kana kuma neman sanin da wanne za ka ayyana bariyabul ɗinka (sunan da ke riƙe da abu a cikin manhaja), ko kuwa da sunan ajin kansa.

Abin da aiki ya koya mini shi ne a duba buƙatar wurin da za a yi amfani da abin, ba duk abin da ajin ke iya yi ba. Sashen da ke tura rasit zuwa firinta babu ruwansa da yadda ake ajiye shi a rumbun bayanai, saboda haka `MaiBuguwa takarda` ya wadatar. Za ka ga amfanin hakan ranar da mai shago ya ce a riƙa buga takardar bashin dillalan da ke ɗaukar buhuna kafin su biya, domin sabon ajin zai shiga ba tare da ka taɓa layi ɗaya a sashen firinta ba.

Wahalar tana inda wuri guda yake buƙatar duka biyun. Da yawa sukan ayyana ɗaya, sannan su tilasta juya shi zuwa ɗayan, kuma wannan ita ce hanyar da nake roƙonka ka guje wa. Kompaila, wato manhajar da ke dubawa da fassara abin da ka rubuta kafin ya fara aiki, za ta yi shiru, kuskuren ya ɓuya har sai manhaja tana aiki, sannan `ClassCastException`, kuskuren da Java ke tayarwa idan abin bai dace da nau'in da aka juya shi ba, ya tsayar da komai alhali mai saye yana tsaye yana jiran rasit ɗinsa.

Idan kai ne ka rubuta azuzuwan, ƙirƙiri intafes na uku, `Takarda extends MaiBuguwa, MaiAjiyuwa`, ka ayyana da shi. Sai dai ka lura cewa Java da suna take aiki: ajin da ya cika sharuɗɗan biyun bai zama `Takarda` ba har sai ya ambace shi a fili. Go, wani harshen rubuta manhaja, ta bambanta a nan, don duk abin da ke iya karatu da rubutu ya riga ya zama `io.ReadWriter`, intafes ɗinta na karatu da rubutu, ko bai faɗa ba. Idan kuwa ajin na wani ne, ba ka da ikon gyara shi, tun Java 5 ta 2004 ana iya rubuta `<T extends MaiBuguwa & MaiAjiyuwa> void kammala(T takarda)`, wato `T` kowane nau'i ne da ke ɗauke da intafes ɗin biyu, sai kompaila ta tabbatar da sharuɗɗan biyu kafin manhajar ta tashi. Java ba ta yarda a rubuta `A & B` kai tsaye a matsayin nau'in bariyabul ba, ko da yake harsunan TypeScript da PHP 8.1 ta 2021 sun yarda.

A cikin gajeren aiki inda aka ƙirƙiri rasit aka kuma gama da shi nan take, babu laifi a rubuta `Rasit`, ko `var`, kalmar da ke barin kompaila ta gano nau'in da kanta, da ta zo da Java 10 a 2018. Tunda azuzuwan shagon naka ne, intafes na ukun ya fi dacewa da kai, don wanda zai gaji aikin zai fi saurin gane shi.