Horizon ko Vitalité? Amsa ga ƙanwata da ke aikin jinya a Maraɗi

Assalamu alaikum ƙanwata. Ina gajiya, ya aiki, ya su Inna da yara? Saƙonki ya same ni a makon da nake aikin dare, shi ya sa sai yau na samu zama. Kin ce kin ji jihar New Brunswick ta nan Kanada tana neman ma'aikatan jinya, kin bincika kin tarar rukunin asibitoci biyu ne ke riƙe da jihar, Horizon da Vitalité, kina son sanin wanne ya fi girma don ki kai takardunki can. A ganinki babba zai fi albashi, ya fi kayan aiki.

Horizon ya fi girma, wannan ba gardama. Yana da asibitoci 12, Vitalité yana da 11, amma ma'aikatan Horizon sun kusa ninka na Vitalité, domin manyan biranen kudu, Saint John da Fredericton, a hannunsa suke, Moncton kuma kowanne yana da babban asibitinsa a ciki. A 2008 gwamnatin jihar ta haɗe hukumomin lafiya takwas suka koma biyun nan. Sai dai ba da girma aka raba su ba, da harshe ne: Horizon da Turanci yake gudanar da aikinsa, Vitalité da Faransanci.

Kafin ki auna girman asibiti a nan, ki fara auna mutanen. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 775,610 a duk jihar, a fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 73,000. Jihar Maraɗi ba ta kai 42,000 ba, amma tun ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan 3 da dubu 400. Kin ga ƙasarsu ta fi tamu faɗi, mutanensu kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na namu ba. Sauran duk daji ne da ruwa. Ranar da na fara shiga mota zuwa arewa, na yi tafiya mai tsawo ban ga ko yaro ɗaya a bakin hanya ba, sai itatuwa, har gabana ya faɗi.

A wuri irin wannan, kalmar asibiti tana ɗaukar abubuwa biyu da ba su yi kama ba. Babban asibitin Saint John asibiti ne, ɗan ƙaramin da ke Saint-Quentin ko Lamèque shi ma asibiti ne, kowanne ɗaya ake ƙirga shi. Kamar ki ɗauki babban asibitin Maraɗi da na Dakoro ko Mayahi ki ce biyu ne daidai. Kina iya shiga Horizon mai girma a tura ki ƙaramin asibiti a Perth-Andover. Kina iya shiga Vitalité ki samu kanki a asibitin Dumont na Moncton, wanda asibitin koyarwa ne, ana horar da likitoci a cikinsa, ana jinyar masu ciwon daji.

Zancen albashi kuma ki cire shi daga lissafi. Duka biyun na gwamnatin jiha ne, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan jinya ɗaya ce, yarjejeniyar albashi ɗaya ce. Matakinki da shekarun aikinki su ke sa kuɗinki ya hau. Izinin aiki ma ɗaya ne, da shi za ki yi aiki a kowanne. Marasa lafiya su ma ba su san wannan iyaka ba: fiɗar zuciya a Saint John ake yin ta, ko daga wane rukuni mutum ya fito.

Ni a ƙaramin asibiti na fara, a arewa, kuma wallahi can na gane aikin da muka yi a gida ba banza ba ne. Da dare ma'aikata kaɗan ne, likitan fanni yana nesa. Wata rana cikin hunturu aka kawo mana dattijo da ciwon zuciya, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, muka riƙe shi sa'o'i muna jiran motar asibiti ta samu wucewa. Abin da ya taimake ni a daren nan shi ne sabon da na yi a gida lokacin damina, sa'adda yara masu zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗaki, dole ido ya gane wanda ya fi matsuwa tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Ke ma kina da wannan idon. Ƙananan asibitocin nan suna matuƙar buƙatarsa, kuma mutanen garuruwan suna ƙaunar asibitocinsu. A Fabrairun 2020 gwamnatin Blaine Higgs, firimiyan jihar na lokacin, ta ce za ta riƙa rufe sashen gaggawa da dare a ƙananan asibitoci shida, har da na Caraquet da Sussex. Jama'a suka tashi tsaye, cikin kwanaki kaɗan aka janye maganar.

Shawarata ki fuskanci Vitalité, ko da yake shi ne ƙarami, domin da Faransanci kika yi karatu, da shi kike rubuta bayanin mara lafiya. New Brunswick ce kaɗai jiha a Kanada da doka ta ba Turanci da Faransanci matsayi ɗaya, kuma wajen mutum uku cikin goma Faransanci ne harshensu na gida. Amma ki shirya kunnenki. Faransancin Akadiyawa, wato ƴan asalin yankin masu jin Faransanci, ba irin na makarantarmu ba ne, musamman na tsofaffi, kuma a wajen Moncton akwai wanda ake kira chiac, mai gauraye da Turanci. Watannin farko sai da na riƙa roƙon a maimaita mini. Turancin ma ki fara koyonsa tun yanzu, domin mara lafiya yana da haƙƙin a kula da shi da harshen da ya zaɓa cikin biyun.

Abin da na fi so ki yi tunani a kai shi ne garin da za ki zauna. A Moncton akwai masallaci, akwai naman halal, akwai ƴan Afirka ta Yamma da yawa saboda jami'ar garin, sai dai haya tana da tsada. A Edmundston ko Campbellton haya ta fi sauƙi, amma sanyi ya fi tsanani, babu mota babu zuwa ko'ina, kuma za ki iya yin wata ba ki ji Hausa ba sai a waya. Azumina na farko a can ni kaɗai na riƙa buɗe baki, na yi kuka ba sau ɗaya ba. Ke da kike da yara ƙanana, ki tambayi duk wanda ya yi miki tayin aiki sunan asibitin da sunan garin, a rubuce.

Ki sani kuma takardarki ta gida ba za ta sa ki fara aikin jinya kai tsaye ba. Sai an tantance karatunki, wataƙila a ce ki ƙara wasu darussa, sannan ki ci jarrabawar NCLEX, wadda ake yi don samun izinin aikin jinya. Da yawanmu mun fara da aikin taimaka wa masu jinya kafin nan. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sama miki gurbi, ki guje shi, asibitocin da kansu suke ɗaukar ma'aikata.

Ki je makarantarku ki karɓo cikakken bayanin darussan da kika yi da sa'o'in horonki a asibiti, ki ɗauki hotonsu ki turo mini, mu duba tare ranar Lahadi in sha Allahu. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ina nan lafiya.