Kwamfuta ta kama Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Zariya. Kwamfutata mai Windows 10 tana nuna ta kama Wi-Fi, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa, alhali wayata tana aiki lafiya a kan rawuta ɗin nan, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi ɗin. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tunda wayar tana aiki, laifin yana cikin kwamfutar. Ki buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar da ake rubuta umarni a Windows, ki rubuta ipconfig. Idan lambar adireshin kwamfutar (IPv4 Address) ta fara da 169.254, rawuta bai ba ta adireshi ba. Ki rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan kuwa ta fara da 192.168, ki rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta dawo, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshi, sai ki sa 8.8.8.8 a wurin DNS ɗin a saitin Wi-Fi na kwamfutar.

Kada ki manta da agogon kwamfutar. Na sha ganin tsofaffin kwamfutoci da ƙaramin batirin cikinsu ya mutu, kwanan wata ya koma baya, shafuka suka ƙi buɗewa. Ki gyara kwanan watan, ki canza batirin, galibi mai lamba CR2032 ne.