Ina ganinsu, su ba sa ganina: in sayi busta?

Tambaya: Ina koyar da ɗalibai ta kiran bidiyo daga gida. Ni ina ganinsu tsaf, su kuma sai su ce hotona ya daskare, muryata tana yankewa, alhali sandunan sabis huɗu ne a wayata. An ba ni shawarar in sayi busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina.

Amsa: Malama, ki dakata tukuna. Sandunan nan suna nuna yadda wayarki ke jin ƙarfen sabis ne, wato dogon ƙarfen eriyar kamfanin layi, ba su faɗin ko shi yana jin ta. Ƙarfen yana magana da ƙarfin wat gommai, yawancin wayoyi kuwa iyakarsu miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya, ga bangon ɗaki a tsakani.

Sannan a tsarin 4G waya ba ta tura kaya gaba gaɗi. Sai ta nemi izini, ƙarfen ya yanka mata gurbi. Sau dubu yake sake wannan rabo a kowace daƙiƙa, a yanki-yanki na kilohaz 180, don kada wayoyin da ke ƙarƙashinsa su taka juna. Amma wayoyin ƙarfen maƙwabta suna amfani da zangon rediyo iri ɗaya, hayaniyarsu tana shigo masa. Idan muryar wayarki ta iso a raunane cikin wannan hayaniya, dole ya sa ta tura bayanai kaɗan-kaɗan don kada su lalace a hanya. Abin da ke daskarar da hotonki ke nan.

Busta mai araha tana ƙara sigina da hayaniya tare. Idan aka kafa eriyarta ta ciki kusa da ta waje, takan riƙa jin kanta kamar lasifikar da ta yi kusa da makirfo, ta toshe wa ƙarfen kunne, maƙwabtanki su rasa sabis ba su san dalili ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Irin wannan matsala ce ta sa hukumar sadarwa ta Amurka ta kafa wa irin waɗannan na'urori ƙa'idoji a 2013. Kada ki sayi wadda kamfanin layinki bai amince da ita ba.

Kafin ki kashe ko sisi, ki yi gwajin saurin intanet, idonki a kan lambar saurin tura bayanai (upload). Ki gwada a kujerar da kike koyarwa, ki gwada a bakin taga, da safe da kuma dare. Megabit 3 a daƙiƙa ya isa kira mai kyau. In lambar ta tashi a bakin taga, ki sayi rauta, wato na'urar raba intanet a gida, mai kafar eriyar waje, a kafa eriyar sama tana fuskantar ƙarfen. In kuwa da dare kaɗai take faɗuwa, cunkoso ne, sai ki gwada layin wani kamfani.

Tambaya: Wayar 5G za ta gyara mini saurin ɗora bidiyo?

Amsa: Ɗan'uwa, in kana kusa da ƙarfen, za ka ga canji. Sai dai a zangon gigahaz 3.5 saukewa da turawa karɓa-karɓa suke yi, kuma yawancin kamfanoni sun ba saukewa kaso mafi tsoka. Wannan zango kuma bai kai ƙananan zanguna ratsa bango ba. Ari wayar wani mai 5G, ka gwada ɗora bidiyo ɗaya a ɗakinka kafin ka saya.