Tambaya da Amsa: Gwajin DNA Yana Gano Rukunin Jinin Kowa Daidai?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da ciki na biyu, kuma a wurin awo an ce jinina O ne mai Rh nagatib, don haka za a yi mini allurar anti-D. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya ce gwajin DNA ya fi na asibiti inganci. Shin yana ba kowace al'umma amsa daidai, ko in tsaya a kan wanda aka yi mini? Daga wata mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Rh wata alama ce a jikin jajayen ƙwayoyin jini: mai ita fositib ne, marar ita nagatib. Shawarata ita ce ki tsaya a kan sakamakon asibiti, ki karɓi allurarki ta anti-D, wadda ke hana jikinki yaƙar jinin jariri, a mako na 28 na cikin, da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn Rh fositib ne.

Gwajin da aka yi miki yana duba jajayen ƙwayoyin jini kai tsaye: ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗiga jininki, ya haɗa shi da sinadari, ya ga ko ya dunƙule. Shi kuwa gwajin DNA ba jinin yake kallo ba, ƙwayar halittar da aka gada yake karantawa, sannan ya yi hasashen abin da ke jikin jinin, kuma ba ya gano sai abin da aka tsara shi ya nema.

A nan ne bambancin al'ummu ya shigo. Turawa kusan kashi 15 cikin 100 Rh nagatib ne, kuma kusan dukkansu ƙwayar halittar da ke samar da Rh, wadda ake kira RHD, ita ce babu sam a jikinsu, shi ya sa aka gina gwaje-gwajen farko a kan cewa duk wanda aka samu ƙwayar a jikinsa fositib ne. Amma wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na baƙaƙen fatar Afirka masu Rh nagatib da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar, sai dai ta lalace, ba ta aiki, kamar fitila ce da ke rataye a ɗaki amma ba ta kamawa. Gwajin da bai san da wannan ba zai ce mace irinki fositib ce, a hana ta allura, jikinta ya soma yaƙar jinin ɗan da za ta ɗauka nan gaba. Wannan kuskure ne da ke damuna ƙwarai, domin jariri ne ke ɗanɗana kuɗarsa. A gabashin Asiya kuma akasin haka ake samu, inda gwajin asibiti kan ce nagatib alhali akwai ɗan ɓurɓushin Rh a jinin.

Wannan ba ya nufin gwajin DNA ba shi da amfani. Na zamani da aka tsara da sanin ire-iren ƙwayoyin halittar Afirka abin dogaro ne, kuma ya fi amfani ga masu ciwon sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, domin jinin mai bayarwa yakan gauraya da nasu har ya rikita gwajin asibiti, alhali DNA ɗinsu ba ya sauyawa. Idan wata rana za ki yi shi, ki tambayi likita ko gwajin yana neman wannan lalatacciyar ƙwayar RHD. Kafin nan, a gwada jinin maigidanki don a san ko Rh ɗinsa fositib ne ko nagatib, kuma ki riƙa zuwa da katin awonki duk asibitin da za ki haihu.