Tumatirin Kwalba: Me Ya Sa Nawa Ya Lalace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina da 'ya'ya huɗu kuma ina koyarwa a makarantar firamare, saboda haka ba kullum nake samun mai kai mini markaɗe ba, har na saba da tumatirin leda da na gwangwani. Bara da tumatir ya yi araha na sayi kwando guda, na markaɗa shi da attaruhu da tattasai da albasa, na dafa shi da 'yar kanwa don tsamin ya mutu, sannan na ɗura a kwalabe. Bai kai sati uku ba murafan suka kumbura, wasu kwalaben har da kumfa, dole na zubar da shi duka. A ina na kuskure, kuma anya wannan wahala ta fi sayen na leda?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika zubar, domin kwalbar da murfinta ya kumbura ba a ko ɗanɗana abin da ke cikinta. Kuskurenki kuwa guda biyu ne, kuma babbansu ita ce kanwar nan.

Tsamin da kika kashe shi ne mai gadin tumatirin. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, kuma ba ta jin daɗin ko'ina kamar wurin da babu iska kuma babu tsami, wato rufaffiyar kwalba irin taki. Idan ta samu wannan dama sai ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi har ya kai ga hana numfashi, kuma abin tsoron shi ne wani lokaci ba ta canza ƙamshi ko launin abincin. Kanwa tana da amfaninta a tukunyar da za a ci yau, amma a abin da za a ajiye wata da watanni ba ta da wuri, haka ma farin garin nan na yin kek da wasu ke sawa a madadinta. Kuskure na biyu shi ne haɗa attaruhu da tattasai da albasa, domin dukkansu ba su da tsamin kirki, suna kuma rage na tumatirin. Na san uwargida tana son ta buɗe kwalba ta tarar da kayan miya a haɗe, amma irin wannan haɗin wurinsa firiza, idan unguwarku ana samun wuta, ko kuma a cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu a firij.

Ga yadda nake yi. Ina jiran lokacin sanyi, daga Janairu zuwa Maris, sa'adda tumatirin noman rani na Kadawa da Danja ya cika kasuwa, har a kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano ka ga kwanduna jere a bakin titi suna jiran mota. Ki zaɓi mai tsoka da ƙarancin ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, kuma kada araha ta ja ki ga wanda ya fashe ko ya fara ruɓewa. Ki wanke, ki markaɗa shi shi kaɗai, ki kuma roƙi mai inji ya ɗauraye injinsa tukuna, tunda ba ki san abin da ya niƙa kafin naki ba. Ki ɗora a babbar tukunya ba tare da murfi ba, kina juyawa da muciya don kada ya kama, har sai ya koma kusan rabi, launinsa ya yi ja jawur, kuma idan kika ja muciya a tsakiya hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, shi ya sa kusan kilo 3 ke ba da lita 1 mai kauri, kada ki yi mamakin ƙanƙantar abin da zai rage.

Ki tafasa kwalaben da murafansu, ki tabbatar babu tsaga a bakin kwalba ko tsatsa a murfi. A kowace kwalba mai rabin lita ki zuba babban cokali 1 na ruwan lemun tsami, mai lita 1 kuma cokali 2, sannan ki ɗura tumatirin da zafinsa, ki bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, ki goge bakin ki rufe. Wannan mataki na gaba shi ne wanda ba ki ambata ba a wasiƙarki: ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ki jera kwalaben a tsaye, ki zuba ruwan zafi ya shanye kansu, su tafasa minti 45 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, masu zama a wuri mai tudu kamar Jos kuma su ƙara minti 5. Washegari ki danna tsakiyar kowane murfi. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba, to ya kamu, zai iya kai shekara a wuri mai sanyi da duhu, wanda kuwa ya yi ƙas ya dawo sai a fara cinye shi.

Game da ko wahalar ta biya, ni dai a ganina ta biya, kuma ba don na ɗauki na leda haram ba. Ki juya bayan ledar ki karanta, za ki tarar da cewa wasu sun ƙunshi sitaci da sukari da kala haɗe da tumatirin. Sannan ki tuna yadda farashi ke tashi kowace shekara daga Mayu zuwa Yuli, balle shekara irin 2016 da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna, magidanta suka koma ƙirga tumatir ɗaya-ɗaya. Aikin Asabar guda cikin Fabrairu yana ɗauke miki wannan fargaba, musamman idan kuka haɗa kuɗi da maƙwabciya kuka raba kwando da itace. Idan kwalabe sun yi miki kaɗan, ki yanka ragowar ki shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar hanya, ki samu kauɗarki.

Ranar da kika dawo daga makaranta a gajiye, ki soya albasa a man gyaɗa, ki jajjaga attaruhu biyu a turmi, ki juye rabin kwalba, ki sa daddawa da gishiri. A nan ne, idan tsamin ya dame ki, za ki iya sa 'yar kanwarki, kuma kafin shinkafa ta tsotse miyar ta haɗu. Ragowar kwalbar da aka buɗe ki sa ta a firij, idan babu wuta kuwa ki yi dafa-duka da ita da dare.