Kwaya, Ƙwaya da 'Yan Amshi

Tambaya: Malam, mawaƙan da ke jeruwa bayan makaɗa a kiɗan simfoni na Turawa (dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa), daidai ne a kira su 'yan amshi?

Amsa: Ban yarda ba, ko da yake 'yan fassara sun maƙale wa kalmar. Ɗan amshi jagora yake bi: mawaƙi ya ja baiti, shi ya karɓa. Shi ya sa ake yi wa marar ra'ayin kansa gorin "ɗan amshin Shata". Waɗannan kuwa kashi huɗu ne bisa kaurin murya: sofrano da alto mata, teno da bas maza, kowane kashi da karinsa a rubuce, a rera lokaci guda.

Ɗauki simfoni na 9 na Beethoven, Bajamushe mai tsara kiɗa, wanda aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, ranar 7 ga Mayu 1824. Babi huɗu ne. A ukun farko mawaƙa ko uffan, suna zaune sama da minti 40. Nan gizo ke saƙa: murya ta huce, sannan a nemi sofrano su haura ƙololuwa su daɗe a can, sai karin ya riƙa zamewa ƙasa. Ga kuma nisa. Sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka na sahun baya in ya biye wa kunnensa ya makara. Hannun madugu, mai jagorantar kiɗan, ake kallo. Ɗan amshi da kunne yake aiki, wannan da ido.

Gaskiya ɗaya ce: akwai gaɓar da namiji guda ke jan baiti, sauran su maimaita ƙarshensa. Wannan kam amshi ne, amma ba shi ne aikin duka ba.

Tambaya: To me za mu ce?

Amsa: "Ƙungiyar mawaƙa" ta wadatar. A majami'un Jos da Kaduna "kwaya" ake cewa, kuma aron ya zauna. Sai dai a kula da lanƙwasa, don Allah: 'yan kwaya daban, 'yan ƙwaya daban. Masu rubutu a waya sun mayar da bayin Allah mashaya.

Tambaya: Tunda akwai goge da sarewa a ciki, "kaɗa" simfoni ake yi ko "busawa"?

Amsa: Kaɗawa. In kayan sun haɗu, kiɗa ne ke ɗaukar sunan.